Na je ofishin kamfanin fanshona a Sakkwato kan batun ajiye aiki da wuri, ga yadda munka yi

Jama'a assalamu alaikum. Shekarata 47, ma'aikacin gwamnatin tarayya nike nan Sakkwato tun 2005, kuma kusan shekara biyu kenan zuciyata na raya mani in ajiye aikin nan in koma harkar albasa gaba ɗaya. Yayana yana noma ta wajen Goronyo, yana da rudu, wato rumbun ajiyar albasa, da yake ajiya ciki tun daga kaka har lokacin da kaya ka yi tsada, kullum faɗa shike in zo mu haɗa hannu tun ina da sauran ƙarfi. Tun da anka cire tallafin mai a 2023 albashi baya kai mu 20 ga wata, to ka ga dole mutum ya fara tunani. Shi yasa ran Talata na wanke ƙafa na tafi ofishin kamfanin da ke riƙe da asusun fanshona, ba zan kama sunansu ba, in ji da kunnena mi zan samu in na tafi yanzu.

Bari in fara da abinda ya ɓata mani rai. Na isa tara da rabi, kujeru ba su fi goma ba, mutane sun fi haka, tsofaffi biyu na tsaye da fayil a hannu, ɗaya yac ce daga Illela ya taso da asuba. Da layi ya zo kaina sai anka ce bayanaina ba su cika ba, sai an sake ɗaukarsu an haɗa da lambar NIN, kuma ranar haihuwata ta wajensu ta saɓa da ta katin ɗan ƙasa da wata guda, nan netwok ya ɗauke munka zauna har anka kira azahar. Babu wanda ya taɓa turo mani saƙo kan wanga gyara duk shekarun nan, alhali saƙon barka da sallah baya wuce ni. Kuma duk takardun bayani da ke kan teburi Turanci ne, a garin Shehu, tsohon nan na Illela sai juya takardar yake yana kallon hoto. Wannan ya sosa mani rai ƙwarai.

Amma matar da ta zauna da ni bayan sallah, wallahi Allah ya saka mata. Da nac ce Hajiya ritaya nike son yi, bata ce yi ko kar ka yi ba, ta juyo mani da fuskar kwamfuta tac ce Malam mu duba tare. Ta fara da abinda ban sani ba sam: a dokar fansho ta 2014, wanda ya ajiye aiki da kansa kafin ya cika 50 baya samun kuɗinsa duka, iyaka in ya yi wata 4 bai samu wani aiki ba zai iya neman kashi 25 cikin 100, sauran sai ya cika 50. Ni kuma duk lissafina a kan cewa za a miƙo mani kuɗina dunƙule in zuba a albasa. Ta ɗauki biro ta rubuta kason nan a bayan fom ta tura mani, na dube shi na dube shi, ko jarin kaka ɗaya mai kyau bai kai ba balle cefanen shekara 3 da kuɗin makarantar ɗiya huɗu.

Sannan ta nuna mani abinda nike bari a baya. Duk wata ana cire kashi 8 daga albashina, gwamnati na ƙara kashi 10, ranar da na ajiye aiki duka biyun sun tsaya, goman nan kuwa ba daga aljihuna take fita ba. Doka ta bani har shekara 60 ko shekara 35 ta aiki, duk wadda ta riga, wato ina da sauran shekara 13. Ta kuma tambaye ni inshorar lafiya da iyalina ke zuwa asibiti da ita, na yi tunanin mi zai maye gurbinta? Gaskiya ban yi ba, kuma uwargida na shan maganin hawan jini kullum.

Ko a 50 ɗin ma ba duka ake baka ba, wani kaso dunƙule, sauran ka zaɓa: ko kamfanin ya riƙa biyanka wata-wata daga asusunka, in ka rasu abinda ya rage na magada ne, ko ka sayi anuwiti wajen kamfanin inshora su biya ka har ƙarshen rai, amma lamunin magada shekara 10 ne kawai. Ta shimfiɗa su duka biyu bata ja ni ko ɗaya ba, nan na yarda da ita. Da na kawo maganar kuɗin ruwa da ke damuna tun tuni sai tac ce ai PenCom, hukumar da ke kula da harkar fansho ta ƙasa, ta buɗe wani nau'in asusun fansho da ake kira asusu na 6 tun 2021, wanda babu kuɗin ruwa cikinsa, irin su sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, ake zuba kuɗin. Shekaru nawa ina ɗauke da wanga nauyi a zuciya ba wanda ya faɗa mani! Nan take na cike fom na komawa.

Inda hidimar tasu ta gaza shi ne ɗaya ɓangaren. Sun san lissafin zama a aiki, amma da na tambayi yadda zan auna shi da abinda albasa ka iya kawowa, da asarar ruɓewa in damina ta yi zafi da danshi, tac ce wannan ba fanninsu ba ne. Na gode da gaskiyarta, sai dai mai niyyar barin aiki rabin amsa ya samu kenan, kuma mu tuna su ma ci gaba da zuba kuɗinka shi ne cinikinsu, don haka na sake bin lissafin da kaina a gida, ya fito daidai.

In maki ne zan basu 7 cikin 10, bakwai ɗin kusan duk na Hajiyar nan ne. Wanda zai je ya riƙe katin NIN da takardar kama aiki da ta haihuwa, ya je da sassafe, kuma in bai gamsu da kamfaninsa ba tun 2020 an yarda mutum ya sauya sau ɗaya a shekara.

Takardar ajiye aikin da na rubuta tana cikin durowa, ban yaga ta ba. Mun yi magana da Yaya, bana zan sa buhu 30 a rudunsa da kuɗin adashina, ina zuwa Goronyo duk Asabar in ga harkar da idona, in na cika 50 mu sake zama da shi da uwargida mu duba littafin.