Hayar keken tsere a Tafkin Annecy: hanyoyin sun cika alkawari, birki ya ci amanata

Na yi niyyar rubuta wannan sharhi tun daren da na dawo daga Annecy, amma na dakata har mako biyu domin kada fushi ya riƙe mini alƙalami, kuma ko a yanzu ban tabbata ya sake ni gaba ɗaya ba. Abin da na saya shi ne shirin kwana 3 na wani shagon hayar kekuna da ke cikin garin, wanda ya ƙunshi keken tsere, da hular kwano, da ƙaramar na'urar GPS da aka ɗora wa hanyoyi uku, da kuma lambar waya da aka ce in kira idan wani abu ya same ni a hanya. Waɗanda suka saba zuwa wannan yanki na gabashin Faransa sun san irin shagunan da farashinsu, saboda haka ba zan tsaya kan kuɗi ba sai can gaba, inda kuɗin ya zama abin magana.

Ranar farko ba ni da ƙorafi a kanta, in ban da abu ɗaya da zan zo kansa. Hanyar ita ce zagayen tafkin, kimanin kilomita 40, kuma rabinta na yamma yana bin tsohon layin dogo da aka mayar da shi hanyar kekuna, ta Sevrier da Saint-Jorioz har zuwa Duingt, inda mutum yake ratsa ɗan gajeren ramin da jirgin ƙasa yake bi a da. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya, ruwan tafkin yana hagunka, garau har kana hango duwatsun ƙasansa, kuma wannan tsabta ba sa'a ba ce, domin tun ƙarshen shekarun 1950 garuruwan bakin tafkin suka haɗa kai suka hana ƙazantar gidaje kwarara cikinsa. Sai dai mai neman gudu kada ya sa rai a nan, domin iyalai da yara da masu kekunan lantarki sun cika ta, musamman da hantsi. Bayan Doussard aka juya zuwa gefen gabas, inda hawan da ke fita daga Talloires ya fara tuna wa ƙafafuna cewa a gindin tsaunukan Alps nake. A shekarar 2009 masu gasar tseren kekuna ta Tour de France sun zagaya wannan tafki ɗaya bayan ɗaya, a nisan kilomita 40.5, Alberto Contador ya gama cikin ƙasa da minti 50, ya rigaye Fabian Cancellara da daƙiƙa 3 kacal. Ni kuwa na kwashe sa'o'i biyu da ɗoriya, ban kuma ji kunya ba.

Abu ɗayan da na ambata shi ne birki. Tun a gangaren Menthon-Saint-Bernard na ji birkin gaba yana wani ƙara kamar ana goga wuƙa a kan dutse, kuma sai na ja hannun birkin da nisa kafin ya kama. Da na koma shagon da yamma na faɗa wa saurayin da ya ba ni keken. Ya matsa hannun birkin sau biyu yana tsaye, bai ko sunkuya ya dubi robar ba, ya ce haka irin waɗannan kekuna suke yi idan ƙura ta shiga. Na yarda da shi saboda shi ne a bakin aikinsa, ni kuma baƙo ne, kuma wannan yarda ita ce laifina a cikin duk abin da ya biyo baya.

Hanya ta biyu ita ce Col de la Forclaz, wata mashiga a saman tsaunin da ke gabashin tafkin, wadda takardar shagon ta sanya a sahun masu matsakaicin wahala. Ban san wanda ya yanke wannan hukunci ba, amma ina zaton a mota ya hau ta. Daga ƙauyen Vesonne, ta Montmin, hawa ne na kusan kilomita 8 wanda tsininsa ya kai kashi 8 cikin 100 a matsakaici, kuma akwai wuraren da ya haura kashi 10 nesa ba kusa ba, inda giya mafi sauƙi ta ƙare mini ina taka feda a tsaye, numfashina yana fita da ƙyar. Duk da haka ba na ƙorafi a kan hawan, domin shi na zo nema. A saman, wajen mita 1,150 daga doron teku, tafkin gaba ɗayansa yana shimfiɗe a ƙasa, tsaunin La Tournette yana bayanka, masu tashi da lema suna gudu a kan gangaren ciyawa suna faɗawa iska ɗaya bayan ɗaya. Na zauna a gefe na ci burodi da cukun reblochon da ake yi a yankin. Ga ɗan'uwa Musulmi da zai je, ya lura cewa abincin dankali da cuku da ake kira tartiflette, wanda ake tallarsa a ko'ina a can, da naman alade ake yin sa. A daidai wannan lokaci, da za a tambaye ni, da na ba shagon taurari huɗu ba tare da jinkiri ba.

Sai yayyafi ya fara a lokacin da na kama gangara ta ɓangaren arewa, wanda ke sauka zuwa Talloires, kuma kilomitocin farko na wannan ɓangare su ne mafiya tsini. Keken da aka ba ni mai birkin roba ne da ke matse bakin wili, kuma kowa ya san irinsa yana jinkirin kamawa idan ya jiƙe, amma abin da ya faru ya wuce jinkiri. A kwana ta biyu na ja hannun birkin gaba har ya taɓa kan keken, keken bai rage gudu ba. Na matse na baya da dukan ƙarfina, tayar baya ta fara zamewa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, na hangi shingen ƙarfen bakin hanya yana matsowa, bayansa kuwa babu komai sai kan itatuwa a ƙasa. Ban san lokacin da na fara salati da ƙarfi ba. Na zare ƙafa ɗaya daga feda na ja ta a ƙasa, keken ya karkace, na ƙare a cikin ciyawar da ke gefen dutse, gwiwa da gwiwar hannu sun kuje, amma da raina da ƙasusuwana cikakku. Allah ne ya kiyaye babu mota da ke haurowa a daidai lokacin.

Da na huce na duba birkin, abin da ya kamata a yi tun jiya. Robar gefe ɗaya ta cinye har ƙarfen da ke riƙe da ita ya bayyana, shi ne yake gogar wilin yana wannan ƙara da aka ce mini ƙura ce. Na kira lambar gaggawa sau biyar, tana ringi babu mai ɗauka, daga baya kuma na gano cewa wayar shagon ce kawai, shagon kuwa yana rufe don cin abincin rana. Wato agajin da aka sayar mini yana da lokacin hutu. Na fara gangarowa a ƙasa ina tura keken, kuma duk wanda ya taɓa tafiya da takalmin tsere, mai ƙugiyar roba a tafinsa, a kan gangare mai santsi, ya san abin da nake nufi: kana tafe kamar agwagwa, kowane taku yana neman ya kayar da kai. Na yi fiye da kilomita 2 a haka, ruwa yana dukana, motoci suna wucewa suna fesa mini.

Wanda ya cece ni wani dattijo ne ɗan yankin, mai furfura, wanda nake zaton ya haura shekara 70, yana haurowa a kan kekensa cikin ruwan kamar ba komai. Ya tsaya ba tare da na roƙe shi ba, ya sunkuya ya dubi birkin, ya girgiza kai, ya tambaye ni ko keken nawa ne. Da na ce haya ne, sai ya yi tsaki irin nasu na Faransawa, wanda iska ce kawai ake furzarwa ta leɓe. Ya fito da ɗan makullinsa daga aljihun baya, ya musanya robar gaba da ta baya wadda ke da sauran rai, ya ɗaure wayar birkin, sa'annan ya gargaɗe ni da in sauka a hankali, ina matsawa ina saki, kada in riƙe birkin a matse ya yi zafi. Aikin bai kai minti 10 ba. Na yi masa godiya har sai da ya ji nauyi, na ba shi kuɗin shayi ya ƙi karɓa, ya hau kekensa ya ci gaba da hawan da ni na kusa mutuwa a kansa.

A shagon, mai wurin da kansa ya ba ni haƙuri, kuma dole in yi masa adalci a nan: bai yi gardama ba, ya kawo magani aka wanke mini raunin, ya kuma ba ni wani keke mai birkin faifai don rana ta uku ba tare da ƙarin kuɗi ba. Da wannan keke na hau Semnoz, kimanin kilomita 17 daga cikin garin, yawancinsu cikin daji mai inuwa da shiru, har aka fita fili a kusa da ƙololuwar da ta kai mita 1,699. A kan wannan tsauni ne Nairo Quintana ya lashe zango na 20 na Tour de France a 2013, ko da yake su ta ɓangaren Quintal suka hau, wanda ya fi gajarta da tsini. Gari ya yi wasai, na hango Mont Blanc fari fat a gabas, shanu suna kiwo da ƙararrawa a wuya. Sanyin saman ya sha bamban da na bakin tafki, saboda haka rigar iska wajibi ce kafin a gangara. Na sauko ta Col de Leschaux zuwa Sevrier, birki yana kamawa da yatsa ɗaya, kuma a kan wannan gangara na yafe wa shagon a zuciyata, har na fara tunanin dawowa baɗi da abokaina.

Kwana 5 bayan komawata gida aka mayar mini da kuɗin jinginar da aka riƙe a katina, amma ba cikakke ba. Saƙon da ya biyo baya ya ce an cire wani kaso saboda an samu karce mai zurfi a bakin wilin gaba na keken farko. Karcen nan kuwa ƙarfen birkinsu ne ya yi shi, birkin da na kai ƙararsa tun ranar farko aka ce mini ƙura ce. Na rubuta musu bayani dalla-dalla, na haɗa da hoton robar da na ɗauka a kan dutsen da hannu yana rawa, da hoton gwiwata, na kuma tuna musu cewa mai shagon ya ga abin da idonsa. Amsar da na samu layi biyu ce, tana cewa wilin ya fita lafiya ya dawo da rauni, kuma haka yarjejeniyar da na sa wa hannu ta tanada. Na sake rubutawa sau biyu, yau kwana 9 ke nan babu amsa. Taurari biyu na ba su, kuma ɗaya daga ciki ta Semnoz ce.