Akwatin gwajin matsin lagireto: abin da yake kamawa da abin da ke wuce masa

Da zarar mota ta fara zafi, abin da aka saba ji a gareji shi ne a cire tamostat (bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi), a haɗa fanka kai tsaye, in abin bai yi ba a sauke top silinda. Duk lalube ne, kuma mai mota ne ke biyan kuɗinsa. Akwatin gwajin matsin lagireto, irin ɗan China da ake samu wurin masu sayar da kayan aikin kanikawa, yana rage wannan laluben ƙwarai. A cikinsa akwai famfon hannu mai geji, da kawuna iri-iri da ke zama a gurbin murfin lagireto, da mahaɗin gwada murfin kansa.

Sai inji ya huce sarai ake aikin, domin buɗe murfi da zafi ƙuna ce. A cika ruwa, a duba lambar matsin da ke jikin murfin, wadda ake aunawa da bar. Yawancin Toyota da Honda 0.9 ko 1.1 bar ne, wasu motocin Turai kuma sun kai 1.4. A ɗaura kan da ya dace, a buga famfo har allura ta kai wannan lambar, kada a wuce ta, don lagireto mai tankin roba yana iya tsagewa. A bar shi minti 10 zuwa 15. In allura ta tsaya cak, babu yoyo. In tana sauka, a ɗauki tocila a bi bakin kowane tiyo da kilif ɗinsa, da layin da tankin roba ya haɗu da alminiyom, da ƙaramin ramin da ke ƙasan famfon da ke zagaya ruwa cikin inji. Yoyon da ke bushewa a jikin inji mai zafi ba tare da ya ɗiga ƙasa ba, a nan yake fitowa fili.

Inda akwatin ya fi biyan kuɗinsa shi ne gwajin murfi, kayan da kowa ke rainawa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma ƙarƙashin matsin 1.1 bar sai ya haura 120 kafin ya tafasa. Murfin da sifirin ɗinsa ya saki ko robarsa ta tsage ba ya riƙe matsi, sai ruwa ya riƙa tafasa yana zubewa ta tankin ajiya, musamman a zafin Afrilu cikin cunkoso. Motoci da yawa an buɗe musu inji alhali murfi ne ya mutu.

Idan matsi na sauka kuma ba a ga ɗigo a waje ba, ruwan ciki yake shiga. A taɓa kafet ɗin gaba, in ya jiƙe hita ce, wato na'urar ɗumama cikin mota, ke yoyo. In a bushe yake, a kwance filogi a leƙa silinda. Filogi ɗaya da ya fita fes kamar an wanke shi, ko baƙin mai da ya koma ruwan madara, alamar lalacewar gaskit ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin top silinda da jikin inji. Ana kuma tada inji da gejin a ɗaure na ɗan lokaci: allurar da ta yi saurin hawa ko take rawa tana nuna hayaƙin silinda na kutsawa cikin ruwa. Kafin a yanke hukunci ya kamata a ƙara da ruwan gwaji mai launin shuɗi, wanda ke komawa rawaya idan hayaƙin fetur ya ratsa shi. Wannan daban ake sayensa.

Akwatin yana da aibu. Robobin kawunan ba su da ƙwari, wani lokaci su ne ke sakin iska, sai a ɗora wa mota laifin da ba nata ba. A shafa ruwan sabulu a mahaɗin, in ya yi kumfa to matsalar daga kayan aikin take. Takardar da ke nuna wane kai ne na wace mota ma ba koyaushe take daidai ba, gara a gwada da ido.

Babban abin lura shi ne yoyo kaɗai yake kamawa. Tamostat da ya maƙale a rufe ba zai nuna a geji ba. Ana gane shi idan inji ya yi zafi amma lagireto bai ɗauki zafi ba, ko a jefa shi cikin ruwan zafi a ga ko zai buɗe a lambar da ke jikinsa, wadda a Toyota da dama digiri 82 ce. Haka lagireton da tsatsa da gishirin ruwan rijiya suka toshe, da famfon ruwan da fukafukansa suka cinye, da fankar da fiyus ko rile ɗinta ya ƙone, duk ba sa nunawa a geji. Motar da ke zafi a tsaye ta huce a kan hanya, fanka za a fara dubawa. Wadda ke zafi a kan gudu ko hawan tudu, a nemi toshewar lagireto.

Ga bakanike mai karɓar motoci kullum, sayensa ya zama dole. Mai mota ɗaya ba sai ya saya ba, amma kada ya yarda a kwance masa top silinda kafin a ɗaura gejin a gabansa ya ga allurar da idonsa.