Man haɗin da ake tallansa a WhatsApp: ra'ayina bayan ƙanwata ta gwada

'Yan uwa mata dan Allah ku karanta kafin ku tura kuɗi. Man nan nake nufi na cikin farar roba, ba suna ba lambar NAFDAC, wai fari cikin sati ɗaya. Ƙanwata ce ta saya kuma gaskiya yana aiki, wallahi saurin aikin ne ma ya tsorata ni. Yana da kauri da ƙamshi mai daɗi, da daddare ake shafawa, fuska ta yi fes nan da nan amma gaɓoɓin yatsu suka zauna baƙi ƙirin. Daga baya bacci ya ƙi, ga saurin fushi, in ta ɗauki kofin shayi sai ka ga hannun yana rawa har ya zube.

Na je wajen mai haɗawar da kaina, a cikin robobin da take zubawa na ga ɗaya an rubuta mercurous chloride. Na ce Hajiya wannan fa? Ta ce ai sinadarin haske ne kawai, kowa da shi yake haɗi. Zaiba ce fa, irin wadda masu haƙar zinare ke kama gwal da ita! Tana hana fata yin launinta, shi ya sa ake fari da wuri, amma ba a fata take tsayawa ba, ratsawa take ta shiga jini ta taru a ƙoda ta taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya fi damuna tana kaiwa ga ɗan da ke ciki, tana bin nono, har tawul da matashin kai tana maƙalewa yara su kwasa ba su ji ba ba su gani ba.

Gubar nan ce ta nakasa mutanen Minamata a Japan, inda aka gano cutar a 1956, su ta kifi suka ci. Yarjejeniyar 2013 mai sunan garin, wadda Najeriya ke ciki, ta haramta irin wannan man amma ga shi ana kawo mana har gida.

Likita ya sa ƙanwata ta daina nan take, ya tura ta gwajin fitsari da na ƙoda. Ban ba man nan ko tauraro ɗaya ba. Ku duba jikin robobinku yau, in kun ga mercury, mercuric ko calomel, ko kuma ba a rubuta komai ba, ku daina shafawa ku ɗauki robar ku nuna wa likita.