Kwana Bakwai a Jirgin Nutso a Maldibs, da Abin da Ya Sami Ƙanena a Rana ta Huɗu

Mako uku ke nan da dawowarmu Abuja daga tafiyar nutso ta kwana bakwai a wani jirgin ruwa a tsibiran Maldibs, kuma tun daga ranar 'yan uwan da muke haɗuwa da su wajen iyo ranar Asabar suke tambayata ko tafiyar ta biya kuɗinta, domin mutum uku a cikinsu sun riga sun fara tara kuɗin ajiye gurbi a wannan jirgi. Na yi ta jan ƙafa wajen ba su amsa saboda ban so in yi magana zuciyata tana tafasa ba. Waɗanda muka tattauna da su sun san kamfanin da nake nufi, sun kuma san abin da ake biya, don haka ba zan tsaya a kan wannan ba.

Ni da ƙanena muka tafi a ƙarshen watan Janairu, muka bar hazon hunturu a Abuja, muka bi ta Doha muka sauka a filin jirgin saman Velana da ke kusa da Male. Ni na koyi nutso tun ina karatu a Maleshiya, shi kuwa bara ya sami takardar da ta ba shi izinin sauka zuwa mita 30, wanda shi ne iyakar zurfin da dokar Maldibs ta yarda wa masu nutson shaƙatawa. Ranar da za mu tashi Hajiya ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce ta ba ni amanarsa, ni kuma na amsa ba tare da na san nauyin abin da na ɗauka ba.

Gaskiya kwana uku na farko ban ga abin kushewa ba. Tsarin jiragen Maldibs ya burge ni, domin babban jirgi na kwana ne da cin abinci kawai, sannan akwai wani ƙaramin jirgi da suke kira doni wanda yake biye da shi ɗauke da tukwanen iska da injin ɗura su da dukkan kayan nutso, ta yadda ƙarar inji ba za ta hana baƙi barci ba. Ƙarfe shida na safe ake kaɗa ƙararrawa, a yi nutso uku a yini, wani lokaci a ƙara na dare. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne ƙasar Musulmi ce, ban taɓa tambayar mai dafa abinci ko naman halal ne ba, kuma matuƙin jirgin da kansa yake nuna mana alƙibla a kowace salla, tunda jirgin da ya kafa anka yana juyawa da iska. Karin kumallonsu na kifin tuna da aka cuɗa da kwakwa da albasa da barkono, wanda suke kira mas huni, har yanzu ina marmarinsa.

Abin da ke ƙarƙashin ruwan kuwa, sai dai a ce Tabarakallah. A daren farko a Alimata, cikin rukunin tsibiran da ake kira Vaavu, mun durƙusa a kan yashi yayin da kifayen shak marasa faɗa, wasu sun fi mutum tsawo, suke gifta mu har suna gogar kafaɗunmu. A rana ta uku, a yankin Ari, wani kifin manta ya zo ya tsaya a saman kaina, tazarar da ba ta wuce kamu biyu ba, ya buɗe baki ƙananan kifaye suna shiga suna tsince masa ƙwari, ina ganin baƙaƙen ɗigon da ke farin cikinsa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda jagoranmu ya ce da su ake bambance wannan manta da wancan kamar zanen yatsa. Murjanin da ke wurare marasa zurfi har yanzu yana ɗauke da tabon zafin ruwan da ya ƙone shi a 1998 da 2016, akwai filayen da suka zama tsibin karyayyun rassa masu launin toka, amma a gefensu sababbi suna tsirowa. Da a nan tafiyar ta ƙare, da na ce wa kowa ya sayar da abin da zai iya sayarwa ya je.

Da asubahin rana ta huɗu muna cikin doni muna haɗa kaya, ƙanena ya zuƙi iskar tukunyarsa sau biyu, ya yamutsa fuska ya ce, "Yaya, iskar nan tana da ɗanɗanon mai." Na karɓa na zuƙa, na ji wani ɗan bauri kamar na hayaƙin tsohuwar mota, amma bai yi ƙarfi ba. Muka kira mataimakin jagora, ya ɗora na'urar gwaji a bakin tukunyar, ya nuna mana lambar ya ce lafiya lau. A lokacin ban tsaya na yi tunanin cewa wannan na'ura yawan iskar oksijin kawai take aunawa ba, ba ta san komai game da guba ba. Na ce wa ƙanena ya sa kayansa mu tafi, kuma wannan kalma tawa ita ce abin da nake kwana da shi har yau.

Mun sauka a gefen wani tudun murjani da ke ƙarƙashin ruwa, irin wanda suke kira tila, ruwa yana gudu da ƙarfi, muka maƙala ƙugiyoyinmu a jikin dutse a zurfin mita 28 muna kallon kifayen shak suna kai da komo. Bayan kamar minti goma sha biyu na ji kaina ya fara sarawa a goshi. Na juya na yi wa ƙanena alamar tambayar lafiya da yatsu, bai mayar mini ba. Idanunsa a buɗe suke a cikin tabarau amma ba ni yake kallo ba, kumfar numfashinsa tana fita da sauri ba tsari, hannunsa na dama kuma ya saki igiyar ƙugiya yana lilo a cikin ruwa kamar tsumma. Na girgiza kafaɗarsa, ya ɗaga hannu a hankali ya dafa kansa.

Babban jagoranmu, wani ɗan ƙasar mai ƙaramin jiki da ba ya yawan magana, shi Allah ya yi amfani da shi. Yana ganin yadda nake buga tukunyata da ƙarfe ya iso, ya cire abin zuƙar iskar da ke bakin ƙanena ya sa masa nasa na biyu, ya damƙi rigarsa, ya kwance ƙugiyar, ya harba jan balan-balan sama domin doni ya san inda za mu ɓullo. A irin wannan zurfi ba a yin sama da gudu, domin iskar da ta narke a jini za ta iya yin kumfa ta kashe mutum ko ta shanye masa jiki, saboda haka muka riƙa hawa sannu a hankali, ni ina riƙe da hannunsa ɗaya ina karanta duk addu'ar da ta zo mini. Minti uku zuwa huɗu ne, amma ban taɓa ganin lokaci mai tsawonsu ba. Muna ɓullowa ya fara amai, aka ja shi cikin doni, ya kalle ni ya tambaye ni inda muke.

Daga nan ne abin da ya ɓata mini rai ya fara. A cikin doni akwai tukunyar oksijin ta gaggawa, aka sa masa, amma ba ta yi minti ashirin ba ta ƙare, ashe ba a cika ta ba tun tafiyar da ta gabata. Da muka isa babban jirgi, manajan tafiyar ya fito da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, ta nuna 98, ya ɗaga ta yana nuna wa kowa, ya ce jirin teku ne da rashin shan ruwa, a ba shi shayi ya kwanta. Alhali a lokacin mutum huɗu cikinmu goma sha shida suna riƙe da kai, har da ni. Wata likita Bajamushiya da ke cikin baƙi ita ta tsaya masa, ta ce wannan na'ura ba ta iya bambance jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda gubar kabon monoksaid ta kama, don haka lambarta ba hujja ba ce. Ta ce gubar tana ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin rabinta ya fita daga jini idan mutum yana shaƙar iskar duniya, amma da tsantsar oksijin bai kai awa ɗaya da rabi ba. Sai da ta ɗaga murya sannan aka buɗe wani ɗaki aka fito da babbar tukunyar oksijin, aka kuma kira jirgi mai gudu ya kai mu asibitin da ke da ɗakin matsin iska, wato ɗakin da ake yi wa masu nutson da suka sami matsala magani a cikinsa. Tsakanin fitowarmu daga ruwa da kiran wannan jirgi an ɓata fiye da awa ɗaya ana gardama.

Duk wanda ya zauna a Najeriya ya san wannan guba ko da bai san sunanta ba, domin ita ce take kashe iyali guda a dare ɗaya idan an kunna janareta a cikin gida an rufe ƙofa. Ba ta da launi kuma ba ta da wari, baurin da muka ji na hayaƙin da ya rako ta ne. Tana kama jini fiye da yadda oksijin yake kama shi sau ɗari biyu da wani abu, kuma a zurfin mita 28 matsin ruwa ya kusa ninka na sama sau huɗu, wato duk zuƙa ɗaya mutum yana shigar da kusan ninki huɗu na abin da zai shaƙa a sarari. Ƙa'idar Turai ta iskar numfashi ba ta yarda gubar ta wuce kashi 5 cikin miliyan ba, amma a wannan jirgi babu ko na'ura ɗaya da za ta auna ta. Daga baya wani ma'aikacin doni ya faɗa mini a asirce cewa a daren da ya gabata an ɗaure doni a jikin babban jirgi saboda iska ta tashi, aka ɗura wasu tukwane a nan, bututun da injin yake jan iska da shi kuma yana fuskantar inda hayaƙin janareta yake fita. Ya ce ya yi magana, aka ce masa lokaci ya ƙure.

Ƙanena ya kwana biyu a asibiti, ya warware, alhamdu lillahi, kuma likita ya hana shi komawa ruwa a wannan tafiya. Da muka koma jirgi na ga yadda ma'aikata suka karɓe shi, mai dafa abinci yana kawo masa romon kifi har ɗaki, matuƙi yana leƙo shi bayan kowace salla, jagoran nan kuma ya zauna a bakin gadonsa ya kasa cewa komai, sai zuciyata ta yi sanyi. Na ce a raina tsautsayi ne, an zubar da iskar dukkan tukwane, an canja matatar injin, kuma mutanen da suka ceci ransa su ma ma'aikatan kamfanin ne. Har na yanke shawarar cewa idan na dawo zan ce wa 'yan uwa su je, amma su yi hattara.

Daren ƙarshe ya rushe wannan shawara. Manajan ya kira ni ya miƙo mini takardar lissafi, a ciki akwai harajin muhalli na dala 12 a kowace rana, wanda na gwamnati ne kuma ban yi musu a kansa ba, amma a ƙarƙashinsa an rubuta kuɗin jirgin da ya kai mu asibiti, da kuɗin oksijin da aka sa wa ƙanena, har da kuɗin hayar kayan nutso na kwanakin da yake kwance. Sannan ya zaro wata takarda ta biyu ya ce in sa hannu cewa rashin lafiyar ta samo asali ne daga yanayin jikinsa, idan na sa za a yafe mana rabin lissafin. Na tambaye shi ko ya rubuta rahoton abin da ya faru da injin, ya ce babu abin da ya tabbatar da cewa injin ne. A nan na tuna da tukunyar gaggawar da ba a cika ba, na tuna da awa gudan da aka ɓata ana ce mana shayi zai sha, na tuna cewa tun ranar farko da na tambayi takardar gwajin ingancin iska aka ce mini tana ofis a Male. Na ƙi sa hannu, na biya harajin da abin da muka ci muka sha, na ce sauran su yi magana da kamfanin inshorarmu, wanda da ma ya riga ya ɗauki nauyin asibiti. Kuɗin sallamar ma'aikata kuwa ban jefa shi a akwatin da manajan yake riƙe da mabuɗinsa ba, hannu da hannu na bai wa jagoran da mutanen doni da mai dafa abinci.

Saboda haka amsata ga ku ukun da kuke tara kuɗi ita ce kada ku ajiye gurbi a wannan jirgi, ko da sun rage muku farashi. Maldibs kam ku je, ni ma ina da niyyar komawa in Allah ya yarda, domin ban gama kallon manta ba. Amma duk jirgin da za ku zaɓa, ku nemi su turo muku takardar gwajin iskarsu mai kwanan wata kafin ku biya ko sisi, ku tambayi yawan oksijin gaggawar da suke ɗauke da shi da kuma awa nawa zai kai, ku kuma sayi 'yar na'urar gwajin kabon monoksaid taku ta kanku, wadda ba ta fi wayar hannu girma ba. Idan iska ta yi muku ɗanɗano a baki, ku ajiye tukunyar ko da wa ya ce lafiya take.

Na rubuta wa ofishin kamfanin wasiƙa sau biyu, na haɗa da takardar asibiti da bayanin da likitar nan ta rubuta da hannunta, kuma amsar da na samu ita ce tayin ragin kashi 15 cikin ɗari a tafiya ta gaba. Ƙanena har yanzu yana fama da ciwon kai jefi-jefi da mantuwa, kuma ranar Litinin za mu koma wurin likitan ƙwaƙwalwa a nan Abuja domin ya sake duba shi. Hajiya ba ta san cikakken labarin ba sai makon jiya, da na zauna a gabanta na faɗa mata cewa yaron ya gaya mini iskar tana da ɗanɗano, ni ne na ce ya sa kayansa mu tafi.