Textarea ko contenteditable: wanne ya fi jure rubutun Japananci a waya?

Ɗan'uwa, ka ce akwatin saƙon da ka gina da contenteditable, wato ɓangaren shafin yanar gizo da aka buɗe don mutum ya yi rubutu a cikinsa kai tsaye, yana aiki lafiya lau a kwamfuta, amma masu rubuta Japananci a waya suna kukan kalma tana ninkuwa, wani lokaci kuma saƙo ya tafi ba su gama ba. Kana tambaya ko ka koma textarea, wato akwatin rubutun da burauza ke bayarwa a shirye.

Fara duba yadda Bajapane ke rubutu. In ya buga "hashi", sai ta fito da harufan hiragana, はし, da ɗan layi a ƙarƙashinta, alamar ba ta zauna ba tukuna. Madannan waya su jero masa 橋, wato gada, da 箸, wato tsinken cin abinci, ya zaɓa ya tabbatar. Duk rigimar a wannan ɗan tsakanin take.

A textarea rubutu zalla ne, burauza da madannai ke sha'aninsu, da wuya ka shiga tsakaninsu. A contenteditable kuwa, kalmar tana zaune cikin jikin shafin, inda manhajarka ke iya taɓa ta. Da zarar ka sake zana wurin kafin a tabbatar, ko don sa launi ne kawai, madannai sun ɓata lissafi: はし ta koma ははし, ko ta ɓace ɗungurungum. Wannan yana ci mini rai, domin mai rubutun kansa zai zarga, ya goge ya sake, abin ya maimaitu.

Android ya fi wuyar sha'ani. A Chrome, keydown, wato sanarwar da burauza ke ba manhajarka in an danna maɓalli, kan ba da lamba 229 maimakon ainihin harafin da aka taɓa, don haka kada ka dogara da shi.

Tafiyar saƙo kafin a gama kuwa, duka biyun suna da ita, domin Enter ɗin da ke tabbatar da kalma shi ka ɗora wa aikawa. Kafin ka aika, duba isComposing, wato alamar da ke nuna ana tsakiyar haɗa kalma, da 229 tare, ko ma ka sa maɓallin aikawa daban a waya.

Ni dai, in saƙo ne zalla, koma textarea yau ɗin nan. In kuwa dole sai da rubutu mai kauri da hotuna a ciki, zauna a contenteditable, amma daga compositionstart zuwa compositionend, wato daga sanarwar fara haɗa kalma zuwa ta tabbatar da ita, ka ɗauke hannunka daga wurin. Ko ka ɗauki ProseMirror, wani shiryayyen kayan aikin gina akwatin rubutu, wanda ya daɗe yana fama da wannan. Sannan ka gwada a wayar gaske, da Gboard, wato madannan Google, na Japananci da kuma madannan iPhone.