Jerin kalmomi ko AfroXLMR? Ga wanda za ki ɗauka

Malama, kin tambaya tsakanin jerin kalmomi da AfroXLMR wanne za ki ɗauka. Tunda littattafan soyayya na Hausa za ki sa kwamfuta ta auna miki, ki ga inda labari ya yi zaƙi da inda ya yi ɗaci, ɗauki AfroXLMR, wani tsarin ƙirƙirarriyar basira (AI) da aka horar da harsunan Afirka, ki huta.

Da shi na ƙarasa aikin digirina na biyu. Kyauta ne a Hugging Face, shafin intanet da ake sauke irin waɗannan tsare-tsare, a 2022 ya fito, kuma da Hausa cikin harsunan da aka horar da shi. Na ƙara masa horo da NaijaSenti, saƙonnin Twitter da Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa suka tara, mutane suka tantance su ɗaya bayan ɗaya, na daɗi ne, na ɓacin rai ne, ko tsaka-tsaki. Daren da ya kwanta mini a rai, wani babi na ba shi inda maigida ya sanar da uwargida zai ƙara aure. Ta ce Allah ya sanya alheri, ba komai, ta tashi ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Sai ga AfroXLMR ya ce ɓacin rai ne. Ni kaɗai na yi ta dariya har na tashi yara. Sirrin shi ne ki ba shi sakin layin gaba ɗaya, don da maganar da abin da ya biyo bayanta yake haɗawa. Amma Hausar Twitter ya fara koya, sai da na zauna na yi wa ɗaruruwan jimlolin littafi alama da hannuna kafin ya saitu. Gatse kam har yau yana kayar da shi.

Jerin kalmomi irin NRC kuwa, kalmomin Turanci ne wajen 14,000 da aka yi musu alamar yanayin zuciyar da suke nunawa, inji ya fassara su zuwa Hausa. Ya ga "daɗi" cikin "bai ji daɗi ba" sai ya rubuta farin ciki. Yana da sauri, tsohuwar kwamfuta ma za ta ja shi, iyakarsa ke nan.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu tallar "manhajar nazarin adabi" a WhatsApp. Na taɓa tura wa wani kuɗi, ya aiko mini da jerin kalmomin da kowa ke saukewa kyauta, suna kawai ya canja masa. Duk wanda ya ce kuɗi, ki fara ba shi shafi biyu da kika san abin da ke ciki, ya gwada a gabanki.

Kuma ki gyara ƙugiyoyin rubutun kafin ki fara, marubutan intanet da yawa ba sa sa su, "baki" da "baƙi" duk ɗaya suke rubutawa.