Siyasar riƙau, bangaskiyar Kirista da tarihi: wane littafi za ka fara saya?

Littafin da aka shigo da shi daga Ingila ko Amurka ya yi tsada yanzu, har malamin makaranta ko ɗalibin tauhidi sai ya yi lissafi kafin ya sa hannu a aljihu. To idan kuɗinka na littafi ɗaya ne ko biyu, shawarata ita ce ka fara da tarihi, ka bi da tsofaffin marubuta, ka bar littattafan zafin siyasar yau su zama na ƙarshe. Mutane da yawa ta baya suke farawa, domin littafin da ake ta yayatawa a Facebook shi ne yake fara faɗo musu a rai.

A tarihin ikilisiya littattafai uku ne ke gaba. Na Justo González, The Story of Christianity, juzu'i biyu ne da suka fara fitowa a 1984 da 1985: na farko ya tsaya a bakin zamanin gyaran ikilisiya, na biyu ya ɗauko daga nan zuwa zamaninmu. González ɗan asalin Kuba ne, fasto a ɗarikar Methodist, kuma Turancinsa mai sauƙi ne, babi-babinsa gajeru, irin wanda mutum zai karanta ɗaya bayan cin abincin dare ya rufe. Idan da hali ka nemi bugun da aka sabunta a 2010. Na Diarmaid MacCulloch na Jami'ar Oxford, A History of Christianity, ya fito a 2009 kuma ya haura shafi 1,000. Ya fi na González faɗi da zurfi, ya ba ikilisiyoyin Habasha, Masar da Siriya haƙƙinsu, amma marubucin yana kallon addinin ne da idon mai bincike, kuma akwai wuraren da mai bi zai ji an taɓa shi. Ga wanda zai koyar a ajin Lahadi, González ya fi. Ga wanda ya riga ya san hanya yana son a ja da shi, MacCulloch.

Na uku, Dominion na Tom Holland, 2019, ba tarihin ikilisiya ba ne kai tsaye. Hujja ɗaya yake kafawa daga farko har ƙarshe: cewa abubuwan da Turawa ke tinƙaho da su, kamar darajar kowane ɗan Adam da tausayin marar ƙarfi, daga Kiristanci suka samo tushe, ko da masu riƙe da su sun daina zuwa coci. Yana da daɗin karatu ƙwarai. Sai dai kada ya zama shi ne littafinka na farko, domin mai kafa hujja yakan zaɓi abin da ya dace da hujjarsa.

Duk waɗannan ba za su gaya maka yadda bishara ta iso ƙofar gidanka ba. Wannan sai Christianity in Northern Nigeria na E. P. T. Crampton, 1975. A nan za ka haɗu da ƙungiyoyin mishan: mutanen SIM (Sudan Interior Mission) da suka sauka Legas a 1893, da Karl Kumm na SUM (Sudan United Mission) da ya isa Wase a 1904, da Likita Miller na CMS (Church Missionary Society) a Zariya, wanda aikinsa ya kai ga fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Wanda yake son ganin inda addini ya haɗu da mulki a ƙasarmu, ya nemi Religion, Politics and Power in Northern Nigeria na Matthew Hassan Kukah, 1993. Ni dai ina ganin abin takaici ne matashi ya iya jero sunayen alƙalan kotun ƙolin Amurka amma bai san yadda aka yi Wusasa, cibiyar mishan ta CMS kusa da Zariya, ta zama Wusasa ba. Irin waɗannan littattafai a shagunan littattafan Kirista na Jos da Bukuru ya kamata a fara cigiyarsu.

A ɓangaren bangaskiya zaɓin bai da wuya. Mere Christianity na C. S. Lewis ya fito a 1952, asalinsa jawabai ne da ya yi a rediyon BBC lokacin yaƙin duniya na biyu, shi ya sa yake tafiya kamar hira, kuma da gangan ya kauce wa gardamar ɗariku. Orthodoxy na G. K. Chesterton, 1908, ya fi shi walƙiya amma ya fi shi wahala, cike yake da juya magana da ambaton mutanen Landan na wancan zamani. Fara da Lewis.

Sai mu zo kan siyasar masu ra'ayin riƙau, inda aka fi yin asarar kuɗi. Tushen abin shi ne Reflections on the Revolution in France na Edmund Burke, 1790. Burke ya rubuta shi tun kafin a kashe sarkin Faransa a 1793, yana gargaɗin cewa wanda ya rushe abin da aka gāda gaba ɗaya don ya gina sabo daga tunaninsa, ƙarshensa jini ne da mulkin soja. A wurinsa al'umma amana ce tsakanin waɗanda suka rigaye mu, da mu, da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Amma littafin doguwar wasiƙa ce ba babi, da tsohon Turanci, ga sunaye barkatai. Kada ka saya sai bugun da ke da gabatarwa da bayanai a ƙasan shafi. The Conservative Mind na Russell Kirk, 1953, ya bi zuriyar wannan tunani daga Burke zuwa ƙarni na 20 a Birtaniya da Amurka, yana da kauri kuma ya fi amfani ga mai rubuta takardar digiri. Wanda zan miƙa wa sabon shiga shi ne How to Be a Conservative na Roger Scruton, 2014. Gajere ne, kuma abin da ya burge ni shi ne yakan fara nuna gaskiyar da ke cikin gurguzu, da jari-hujja, da kishin ƙasa, kafin ya faɗi inda kowanne ya kauce.

Akwai tarko a nan. Littattafai da yawa daga Amurka suna ɗaure Kiristanci da jam'iyya ɗaya kamar ɗan jumma da ɗan jummai, su cuɗa aya da batun haraji da bindiga, alhali rigimarsu ce ta cikin gida. Wasu har tarihi suke lanƙwasawa. A 2012 kamfanin Thomas Nelson, wanda shi kansa na littattafan Kirista ne, ya janye The Jefferson Lies na David Barton daga kasuwa bayan masana tarihi, ciki har da Kiristoci masu ra'ayin riƙau, sun nuna kurakuransa. Saboda haka kafin ka biya, juya bayan littafin ka duba ko marubucin ya nuna inda ya samo maganarsa, ka kuma buɗe wani babi ka ga yadda yake kwatanta abokin hamayyarsa. Idan abokin hamayyar ba zai gane kansa a ciki ba, mayar da shi kan kanta.

Littafin da ya haɗa duka ukun, siyasa da bangaskiya da tarihi, ɗan Afirka ne ya rubuta shi. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya fara The City of God a 413, bayan an washe birnin Roma a 410 ana ta cewa laifin Kiristoci ne da suka sa aka bar gumakan kakanni. Ya gama a 426, kashi 22. Goma na farko martani ne ga masu bautar gumaka kuma suna da gajiyarwa. Ka tsallaka zuwa kashi na 19, inda ya yi magana kan salama da abin da mai bi zai iya tsammani daga kowace gwamnati. Fassarar Henry Bettenson ta Penguin ta fi tsofaffin fassarori sauƙi.

Ta fuskar kuɗi kuwa, tsohuwar fassarar Agustin, da Burke, da Chesterton, duk suna nan kyauta a intanet, a Project Gutenberg, don haka ka ɗanɗana a waya kafin ka sayi na takarda. Idan na hannu ne ko na bakin titi, riƙe littafin ka buɗe tsakiyarsa sosai ka ga ko gam ɗin zai saki, ka bi lambobin shafi, ka duba ko tawadar ta dusashe a taswirori da ƙananan rubutu. Bugun sata a nan yake tona kansa, kuma a littafi irin na González da aka raba biyu, tabbatar ba juzu'i na biyu kaɗai aka miƙo maka ba.